Jar Giya Don Baƙon Noeline

Tun da safe Noeline Kostas ta ɗora ƙafafun rago a wuta, ta zuba albasa da tafarnuwa da dankali, ta ƙara gishiri da barkono fiye da yadda ta saba. Ta rage wutar, ta saka rigar sanyi, ta nufi shagon giya da ke bakin babban titin garin Berri. Ana ta yayyafi a kan gonakin inabin da aka riga aka sassabe.

Des mai shagon ya santa tun suna makaranta, kuma bai taɓa ganin ta sayi ko gwangwani ɗaya ba, har a zamanin da mijinta ke raye. Ta ce masa jar giya take so, mai araha, wadda za ta tafi da naman rago mai maiƙo.

"Ke da giya, Noeline? Faɗa mini gaskiya, wane tsoho ne ya taki sa'a?"

Ba ta yi dariya ba. Ya kai ta kantar ƙasa, inda masu sauƙin kuɗi suke. Ya ce nama mai kitse giya mai nauyi yake so, mara ƙarfi ɓacewa take a cikin romo. Ya ɗauko wata jar giya da ake kira shiraz, ta gonakin yankin, ya ce kada arahar ta ruɗe ta, inabi ne ya yi yawa bana har manoma ke barin shi ya ruɓe.

Ta tambaye shi wacce ce ƙamshinta ke cika ɗaki da zarar an buɗe. Ta sake tambaya wacce ce ba ta kartar maƙogwaro ga wanda ya daɗe bai sha ba. Des ya ce ai duk wannan ɗin ce. Ta ɗauki kwalba biyu.

Da tsakar rana Warrick Tully ya iso, da lemu cikin leda daga bishiyar gidansa. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana dakon inabi. A motar da ke zuwa asibitin Adelaide duk wata suka saba da Noeline, kujera kusa da kujera. Matarsa ta daɗe da tafiya, 'ya'yansa ba sa ɗaga wayarsa. Ya goge rigarsa tsaf, amma maɓallan sun ƙi haɗuwa a kan kumburarren cikinsa, fararen idanunsa kuma sun koma rawaya. Rabon da wani ya kira shi cin abinci har ya manta.

Noeline ta ja ƙofar da ke shiga ɗakunan ciki ta rufe, ta ce saboda sanyi. Ta zuba masa naman, yana saɓulewa daga ƙashi. Babu ruwan sha a teburin.

Yana tsakiyar ci ta buɗe kwalbar. Warrick ya ajiye cokali.

"Noeline, kin fa san halin da nake ciki," ya ce a hankali. "Jibi za su ɗebi jinina. In suka ga ko ɗigon giya, sun fitar da ni daga layin dashen hanta ke nan. Kuma na gaya miki, likita ya ce ni ne a gaba."

Ta ce ta sani, ba tilas. Ta ce kofi ɗaya a kan abinci mai nauyi irin wannan ba ya kwana a jini, kuma marigayi mijinta bai taɓa cin rago a bushe ba. Ta zuba wa kanta, ta zuba rabin kofi ta ajiye kusa da hannunsa, ta ci gaba da hira.

Ya yi ƙoƙari. Ya kawar da kai, ya ba ta labarin jikarsa da aka haifa a Mildura wadda bai taɓa gani ba, da yadda yake so ya je da ƙafarsa in an gama aikin. Barkono na cin bakinsa, gishiri ya busar masa da harshe. Noeline ta ƙara masa romo.

Da ya ɗaga kofin, idanunsa a rufe suke. Ya haɗiye, hawaye ya gangaro masa. Ta cika kofin ba tare da ta dube shi ba. Kwalba ta biyu shi ya buɗe ta da kansa.

Kafin rana ta faɗi ta kira masa tasi. Ta saka ragowar kwalbar a ledar da ya zo da lemu, ta rataya masa a hannu. A bakin ƙofa ya riƙe kafaɗarta yana tangaɗi.

"Allah ya saka miki, Noeline. Babu wanda ya ɗauke ni mutum kamar ke."

Da motar ta sha kwana, Noeline ta koma ta juye kofinta a wurin wanke-wanke, ko kurɓa ba ta yi ba. Sannan ta dama kunun alkama mara gishiri, ta buɗe ƙofar ciki.

'Yarta Tegan na kwance ƙarƙashin barguna, ta rame, fatarta rawaya kamar an shafa kurkum. Cutar hanta ce da aka haife ta da ita, bana ta ci ƙarfinta.

"Mama, waye ya zo?"

"Wani ne da muke haɗuwa a asibiti. Tashi ki sha."

Rukunin jinin Tegan ɗaya ne da na Warrick, kuma shi kaɗai ne ya rage a gabanta a layin dashen hanta.