Takardar da Ta Jira Ni

Damina ce, shekarar da aka cire ni daga aji ɗaya don in zauna da Kaka tana jinya. Gidan duk ya yi sanyi. Wata rana da la'asar shugaban cocinmu ya zo. Malamin firamare ne, hannunsa ma duk alli. A cocinmu ba a wasa da rubuta sunayen kakanni, namu kuwa Kaka kaɗai ta sani.

Ya durƙusa gefen tabarmarta. "Iya, su wa suka haife ki? Su kuma fa?"

Tana faɗa a hankali yana rubutawa, har sunaye tara. Sai ya miƙo mini takardar.

"Malam, ai ban iya karatu ba."

"Adana ta dai, 'yata. Za ta jira ki."

Ta jira kuwa. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana, na karanta ta.

Kwanan baya a ɗakinmu na unguwar Al Rigga, can ƙasar Larabawa inda nake aiki, 'yata ta tambaye ni sunan mahaifiyar Kaka, ya kuɓuce mini. Washegari kafin in fita aiki na ciro takardar daga akwati, na ba ta biro. Na ce, "Yalla, maza zauna ki kwafa."