Faɗin Faifai

Magina sun iso bayan ɗakinta da kwaɓin siminti ke nan, sai ta tashi daga kan tabarma ta sha gabansu.

"Ban da nan," ta ce.

Autanta ya matso, ya sassauta murya. "Inna, Yaya ne fa ya ce a malale tsakar gidan duka, don ki huta da taɓon damina. Burinsa muke cikawa."

Ɗan farinta yake nufi. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da ya shigo Daura da anini a kafaɗa, unguwa ta fito kallo. Da aka yi wa motarsu kwanton ɓauna a dajin Borno, a Maiduguri sojoji suka binne shi. Ita kuwa ta karɓi gaisuwa idonta a bushe, har mata suna yaba haƙurinta.

"Inna, me ke wurin?"

Ta dubi ƙasar wurin.

"Ranar da aka haifi yaron nan, nan ungozoma ta binne mabiyiyarsa. Can inda suka kwantar da shi ban san hanya ba. Nan na sani."

Babban maginin ya ajiye cokalinsa na gini. Ya nemi faifai ya kife a wurin, suka zagaye shi da siminti.

Yanzu tsakar gidan sumul take, sai wannan 'yar da'irar ƙasa. Kullum in ta idar da alwala, nan take juye ragowar ruwan butarta. Sannan ta duƙa, ta waiga ko akwai mai ji, ta kira sunan.