Sagir Yana Cikin Rijiya

Tun da talabijin mai fito da mutane tsakar ɗaki ta shiga kowane gida a Funtuwa, aka daina amsa sallama. Kullum baƙi na kai-kawo a falo, in ka miƙa musu hannu sai ka kama iska.

Ran Laraba da hantsi Lantana ta faɗo gidan maƙwabtanta, ba ɗankwali ba takalmi.

"Jama'a ku taimake ni! Ɗana Sagir ya faɗa rijiya!"

Malam Ɗanjuma da matarsa Kulu suna kan tabarma suna ɓarar gyaɗa. Suka gyara zama.

"Kai, wannan ta iya kuka," in ji Kulu. "Kuma kamarsu ɗaya da Lantana."

"Ni ce, Yaya Kulu! Wallahi ni ce! Malam, don Allah taso da igiya tun yana motsi!"

"Ji, har sunanki ta sani," in ji Malam. "Ƙara mata murya."

Lantana ta zube ta damƙe ƙafarsa da hannu biyu tana jijjigawa. Malam ya zabura. Ya dubi hannun, ya dubi matarsa, sai ya washe baki.

"Kulu! Ashe har an fito da mai taɓa mutum?"