Buhuna Masu Tambarin Hannu Uku

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Malam Maccido ya fito daga ofishin hukuma, hula a hannu, ba tare da amsa ba. Duk tsawon shekarun da ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya, bai taɓa karɓar "sai gobe" daga bakin ɗalibi ba. Yau manya masu babbar riga ne ke faɗa masa haka.

Maganar kuwa ba ta da wuyar ganewa. Bayan kaka, ƙananan hukumomi uku na Sakkwato da kewaye suka haɗa kai kan shirin abinci. Ta farko za ta karɓi irin gero daga hannun manoma. Ta biyu za ta adana shi a babban sito, tare da hatsin tallafi. Ta uku ita ce mai rabo, ta kai abinci idan rumbuna sun yi ƙasa, ta mayar da iri idan damina ta kawo kai. Aka yi taro, aka tafa, aka buga buhuna masu launi ɗaya da tambarin hannu uku a haɗe, don kada wata hukuma ta ce ta fi wata.

Malam ya gaskata su. Shi ya lallashi yayansa Bawa, mai gona a bayan gari, har ya ba da irin da suka gada daga mahaifinsu, wanda ya saba ajiyewa cikin toka a tukunya. Shi ya tsaya a ƙofar masallaci a Gawon Nama ya gaya wa jama'a cewa siton hukuma ya fi tukunya tsaro.

Hatsin tallafi ya iso gidaje a farkon wata, aka yi ta sa albarka. Iri bai iso ba.

Da safe ma bai bar gida cikin daɗin rai ba. Jikarsa Muhsina na kwance tana amai, kamar yara da yawa a unguwar, kuma a asibiti an ce zafin bazara ne da ruwan rijiya. Akuyar maƙwabta ta mutu a turke, aka ce annoba ce. Da matarsa Bara'atu ta miƙo masa kunu, sai ya ga tafin hannunta ja-ja.

"Yarinya ba lahiya, ke kina ƙunshi?"

"Wane ƙunshi, Malam? Tun asuba nike ga turmi. Sha ka tahi."

Bai sha ba, domin Bawa na tsaye a zaure. "Ƙanena," in ji shi, "in ruwa ya sauka ban da iri, kai za ka ci da ɗiyana bana."

Hukuma ta farko ta ce ta karɓa ta miƙa, nata ya ƙare. Ta uku ta ce abin da ta tarar a bakin ƙofar sito shi motocinta ke ɗauka. Kowa ya yi aikinsa daidai, amma manomi ba shi da abin sa wa a rami. Malam ya yanke hukunci a ransa cewa an sayar da irin a kasuwa, kuma sai ya ga ɓarawon ido da ido.

Ya hau Keke Napep zuwa siton da ke bayan Tudun Wada. Iska ta soma kaɗa kwanon rufi. Mai kula da wurin, Ja'afar, tsohon ɗalibinsa ne, ya rusuna ya gaishe shi.

"Ja'afar, ni na koya maka bambancin naka da na wani. Ina irin mutane?"

"Malam, wallahi ko tiya ba mu ci ba. Taho ka gani."

Ya tura ƙofa. Ɓangare ɗaya na siton wayam yake, an share. Ɗayan kuwa buhuna ne jere har kusa da rufi.

"Ga shi nan, ba wanda ya taɓa. Gobe motoci za su kwasa."

Malam bai taɓa ba da maki bai duba aiki ba. "Kwance ɗaya."

Ja'afar ya kwance yana murmushi. Malam ya zura hannu ya ɗebo. Gero ne mai kyau, fari tas, babu ƙwaro babu ƙura. Zuciyarsa ta ɗan sanyaya, har ya fara shirya yadda zai nemi gafarar yaron da ya zarga.

Amma murmushin Ja'afar ya ɓace. Ya kwance wani buhun, ya leƙa. Ya haye sama ya yage wani da wuƙa, gero ya zubo ƙasa, shi ma fari. A waje aka yi tsawa, yayyafi ya fara sauka.

"Mi ne ne?" in ji Malam.

"Irin duka mun barbaɗe shi da jar hodar ƙwari, mai guba. Ni na tsaya anka yi, buhu bayan buhu."

"To wannan fa?"

Ja'afar ya juya ya dubi ɓangaren da aka share.

"Wannan hatsin ci ne, Malam. Irin shi anka raba ma gidaje."