Fuskar da ke Jikin Fosta

"Baba, ja da baya," in ji mai gadi. "Wakilai da 'yan takara kawai ke shiga."

"Ni ne mai neman takarar shugaban ƙasa!" Maigida ya nuna fostarsa da ke manne a ƙofar zauren zaɓen fidda gwani.

Mai gadi ya kalli fosta, ya kalli Maigida, ya tuntsire da dariya.

Sau bakwai Maigida ya mayar wa mai hoto aikin nan. A rage tumbi. A cike sanƙo. A miƙe hanci. A cire shekara ashirin. Da aka gama, matarsa ta ce, "Wannan ko ni zan zaɓe shi."

Can ciki aka kaure da sowa, an faɗi sakamako. Ƙofa ta buɗe, wakilai suka fito ɗauke da gwaninsu a kafaɗa, fuskarsa sak ta jikin fosta.

Direban Maigida ne, wanda ya tura ya kama masa kujera.

Direba ya leƙo daga sama, ya wurgo masa makulli.

"Oga, tada mota. Kuma ka bi a hankali, ba na son gargada."