Ranar Auna Sabuwa

Ma'azu ya yi tari mai zurfi, ya goge baki, sannan ya gyara wa likita kujera. Takalmin aron da ke ƙafarsa yana matsa masa.

Shekarar da aka sami mulkin kai aka fara gwada wani magani a ƙaramin asibitin Bagudo: ba allura, ba ƙwaya, sai zama da magana. Ma'azu, malamin asibitin, shi aka ɗora wa aikin. Aka haɗa shi da Sabuwa, mai sayar da kifi daga Kaoje, wadda yau za ta ɗauke ka uwa da uba, gobe ta tsine maka. Tun da mijinta ya tafi fatauci bai dawo ba, in mutum ya miƙe zai bar ta, sai ta ɗora garwashi a hannunta.

Kowace Alhamis suna ɗaki guda, ƙofa a rufe. Ma'azu ya daina zuwa ganin gida. Aka ba shi canji zuwa Kaduna, ya ƙi, ya ce mara lafiya ta hana shi motsi. Duk gari ana tausaya masa.

Yau likita ya zo daga Sakkwato ya auna ko maganin ya ci. In ya ci, a sallame ta, ta koma wajen yayarta a Dahomi, kamar yadda ta gaya wa Ma'azu Alhamis ɗin da ta wuce. In bai ci ba, ba ta da izinin barin gari.

Likita ya yi ta jefa mata tambayoyi, tana amsawa a natse. Ya miƙe tsam kamar zai fita, don ya gwada ta.

"A sauka lahiya," in ji ta.

Likita ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe," in ji Ma'azu, "akwai abin da ta ɓoye. Ran Jumma'a ta shiga kogin Kwara, inda ruwa ya fi zurfi. Masunta sun gani."

Murmushin likita ya ɓace. "Gaskiya ne, Sabuwa?"

Ta daɗe tana duban Ma'azu, shi kuwa yana duban ƙasa.

"Na shiga, likita," ta ce a hankali. "In ban shiga ba, wa zai hiddo Malam Ma'azu, da ya riga ni faɗawa?"