Kwamfutar da Ba Ta Ciwo a Gaban Mai Gyara

Tasi'u, ajiye dalmar nan ka saurare ni. Na ji ka ɗazu kana rantse wa mutumin nan cewa na'urarsa lafiya ƙalau take, don ka kunna a gabansa ta kama. Haba! Kai da ka fara furfura a sana'ar nan? Bari in ba ka misali.

An yi wata mata mai 'ya ɗaya tilo, kurma, da aure ya kai ta wani gari mai nisa. Waya ba ta da amfani a tsakaninsu, tunda 'yar ba ta jin murya. Sai dai su ga juna a 'yar kwamfutar hannu da surukin ya saya wa uwar, su yi maganar hannu, da waifai, wato intanet marar waya, na makarantar da ke maƙwabtaka da gidan uwar. Ana nan 'yar ta sami ciki, ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma na fari ne. A daidai wannan lokacin kwamfutar ta ɗauko wani hali: da fuskar 'yar ta bayyana sai hoton ya daskare, waifai ya ɓace ɓat. Uwar ta naɗe ta a gyale ta kai wa wani mai gyara. Ya kwantar da ita a tebur, ya kunna, ta kama waifai ɗin shagonsa tsaf. Wani da nan zai ce Hajiya sai haƙuri, matsalar daga gidanku take. Shi bai ce ba, don ya ga idon matar. Ya ce watakila direba ne, wato manhajar da ke tuƙa waifai ɗin. Ya goge shi ya sa sabo. Ta tafi, ta dawo. Ya ce ko sabon ne bai dace da ita ba, ya tono tsohon yayi ya sa. Ta sake dawowa. Ya goge komai ya zuba daga farko, ya buɗe bayanta ya canza katin waifai ɗin gaba ɗaya, ya bar ta a kunne wuni guda tana aiki ko gezau, sannan ya ba matar ta tafi da ita. Washegari sai ga matar a ƙofar shago, ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba. Ta ce, "Ɗan nan, jiya 'yata ta fara nuna mini bayanta na ciwo sai hoton ya daskare, ban ga ƙarshen maganar ba." Wallahi abin ya ci masa rai. Maƙwabtansa na sana'a suka ce ya rabu da ita, tsohuwa ce ba ta iya latsawa ba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba, to me yake ta yi wa magani? Ya zuba kayan aikinsa a jaka, ya ja ƙofar shago ana tsakiyar ciniki, ya ce mata su je.

Da suka isa bai taɓa komai ba. Ya ce ta yi yadda ta saba, kamar ba ya nan. Ashe waifai ɗin makarantar ba ya shiga ɗakinta sai ta taga ɗaya. Kuma mai maganar hannu, ka sani, hannu biyu take buƙata, wa zai riƙe mata? Sai ta ɗaga kwamfutar ta cusa tsakanin ƙarafan tagar, ta danna da tafin hannu har ta zauna daram. Yana tsaye ya ga bayan kwamfutar ya ɗan lanƙwasa, nan take waifai ya ɗauke. Ya ce, "Yauwa, na kama ki!" A kan tabarmarta ya buɗe ta. Akwai wata 'yar wayar eriya, siririya kamar zaren ɗinki, mai ɗan kai da ke maƙale a jikin katin. Ashe bakin ɗan kan nan ne ya saki. In kwamfutar na kwance a tebur yana zaune a mazauninsa kamar mutumin kirki, shi ya sa duk buɗewar da ya yi bai zarge shi ba. Da ƙarfen taga ya matse ta sai bakin ya ɗaga. Mai gyara ya matse bakin, ya mayar, ya ɗaure shi da abin liƙi. Bai tsaya nan ba, ya nemi guntun katako a tsakar gida ya sassaƙa mata mazauni a bakin tagar, don kada ta ƙara cusawa. Sannan ya ce ta kira. Aka daɗe ba a ɗauka ba. Can sai ga fuskar surukin, ya juya na'urar, ga 'yar a gadon asibiti, ta galabaita amma tana murmushi, ta ɗago jaririya a cikin zane ta kawo ta dab da gilashin. Hoton bai daskare ba. Uwar ta ɗaga hannuwanta biyu za ta yi magana, ta kasa, ta kife su a fuska ta fashe da kuka. Mai gyara ya tattara jakarsa ya fita a hankali.

Da ya tsaya a teburinsa, da har yau yana canza direba. Ai Bahaushe ya gama magana da ya ce zuwa da kai ya fi aike.